A30, ProFlight ko Telex: wane hedset sabon matuƙin jirgin fasinja zai saya?

Wani ƙanina da ya gama horon Boeing 737 kwanan nan ya turo min hotuna biyu wajen ƙarfe 11 na dare, ɗaya Bose A30 ɗaya ProFlight, ya ce Yaya dan Allah wanne zan ɗauka, kuɗin na hannu kuma akwai mai tasowa daga Amurka ranar Juma'a. Amsar da na ba shi ba ta masa daɗi ba, don ce masa na yi kar ya sayi ko ɗaya tukun, ya bari ya yi ko sati 2 yana tashi da na kamfani. Ya ɗauka baƙin ciki nake masa. Toh ba haka bane, jirgin da za ka zauna a ciki shi ke zaɓa maka hedset, kai naka biyan kuɗi ne kawai, kuma mutumin da bai taɓa yin awa 4 a jere cikin kokfit ɗin 737 ba bai san me kunnensa ke so ba tukun.

Kafin ma a zo maganar wanne ya fi wanne, akwai abu biyu da in ka kuskure su kuɗinka ya tafi a banza. Na farko fulogi. Irin wanda muka saba da shi tun makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya a ƙananan jiragen koyo shi ne mai kai biyu, babba na kunne ƙarami na makirfo, sunansu PJ-055 da PJ-068, kuma yawancin 737 shi suke ɗauka. Airbus kuwa fulogi ɗaya ne mai ƙafa 5, XLR. Akwai LEMO mai ƙafa 6 na wasu ƙananan jirage, akwai U-174 na jirgi mai saukar ungulu, waɗannan biyun ba ruwanka da su. Matsalar ita ce kamfanin da ya fara sayen jirgi shi ke zaɓar ramin da za a sa masa, mu kuma a nan yawancin jiragenmu sun yi aiki a wasu ƙasashe kafin su iso, so za ka iya samun jirgi biyu iri ɗaya a kamfani ɗaya amma raminsu daban. Ni kaina na taɓa shiga jirgin haya da asuba da hedset ɗina sabo fil, na zaro fulogi biyu na duba gefe sai rami ɗaya ke kallona, haka na maida shi jaka na ɗauki na jirgin, kyaftin yana ta min dariya har muka kai. Laifina ne, ban tambaya ba. Adafta ba ta da tsada, ka sayi ɗaya ta zauna a jaka ko da ba ka ga amfaninta yau ba.

Na biyu shi ne tambarin TSO. Wannan shaida ce ta hukumar jiragen saman Amurka, FAA, cewa na'urar ta cika ƙa'idar da aka gindaya, ta hedset lambarta C139a, Turai ma suna da tasu mai lamba ɗaya. Kamfanoni da yawa sun rubuta a littafin aikinsu cewa hedset ɗin da matuƙi zai shigo da shi sai mai wannan tambarin, wasu kuma ba su damu ba. Ka buɗe littafin kamfaninku ka karanta, ko ka tambayi shugaban matuƙa, kar ka tsaya ga "ai wane ma yana sawa". A nan ne Lightspeed Zulu 3 ke faɗuwa, hedset ne mai kyau wallahi, garantin shekara 7, waya mai ƙarfi, masu ƙananan jirage suna ji da shi, amma ba shi da TSO. In kamfaninku na nema, magana ta ƙare.

Yanzu ƙarar kanta, don ita ce tushen komai. Ƙara iri biyu ce a wurinmu. Akwai mai kauri, gurnani irin na farfela, wanda duk wanda ya tuƙa ATR ko Dash 8 ya san shi har a haƙoransa. Akwai kuma siririya, shuuu ɗin iska da ke bugun gilashin gaba idan jet ya ɗau gudu. Na'urar kashe ƙara ta lantarki, wadda muke kira ANR, makirfo ne ɗan ƙarami a cikin kofin kunnen yake sauraron ƙarar sai ya fitar da kishiyarta su kashe juna, kuma ta fi ƙwarewa a kan ƙara mai kauri. Siririyar kuwa toshewa ce maganinta, soso da kofi, ko abin da aka cusa a ramin kunne. Shi ya sa hedset ɗin da ya yi abin mamaki a jirgin farfela za ka iya sa shi a jet ka ji kamar bai yi komai ba. 737 kuma an san shi da surutu, hancinsa tun na Boeing 707 ne na shekarun 1950, idan kana gangarowa da gudun not 300, wato ma'aunin gudun jirgi, iska kamar ana zuba tsakuwa a kwanon rufi. Airbus A320 ya fi shi shiru sosai, ƙararsa yawanci ta fankokin sanyaya na'urori ce.

Toh A30. Ya fito a 2023 a kan dala 1,249, shi ya gaji A20 wanda ya fito a 2010. Rufe kunne yake gaba ɗaya, nauyinsa giram 404, sun rage matsin da yake yi wa kai da kashi 20 cikin 100 idan aka gwada da A20, kuma wannan ragin ana jinsa idan tafiya ta yi nisa. Kashe ƙararsa mataki 3 ne, ka zaɓi mai ƙarfi ko matsakaici ko kaɗan, kuma in ka ƙwanƙwasa kofin sau biyu da yatsa sai ya buɗe maka wannan kunnen ka ji maganar na kusa da kai. Batir AA guda 2, wajen awa 45 in ba ka kunna Bluetooth ba. Maganar shiru dai babu ja, idan ka sa shi a 737 sai ka gane ashe gajiyar da kake kwasowa gida rabinta ƙara ce ba aiki ba. In jirgin farfela za ka tuƙa ma ni ba zan tsaya dogon lissafi ba, irin wannan mai rufe kunnen za ka nema, ko shi ko DC ONE-X na David Clark.

Amma fa wanda ya ƙera shi bai zauna a filin jirgin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba. Zafi ya haura digiri 40, kuna ƙasa kuna jiran fasinja, sanyin jirgin bai kama ba, ga fatar roba ta lulluɓe maka kunnuwa biyu, kafin ku kai bakin titin tashi gumi na bin wuyan riga. Akwai 'yar rigar yadi da ake sa wa kofin tana taimakawa, sai dai tana ɗan rage toshewar. Sannan tabarau. Duk mai sa tabarau, na rana ko na magani, ƙafar tabarau ɗin tana ɗaga soson ta bar 'yar kafa, ƙara ta bi ta nan ta shigo, in ƙafar mai kauri ce kuma bayan awa 2 gefen kanka zai fara zugi. Ka nemi tabarau mai siririyar ƙafa, shikenan. Ga kuma girman jakarsa, jakar matuƙi dama ba fili, ga iPad ga tocila ga rigar sheƙi ga ɗan abin taɓawa.

ProFlight kuma an yi shi ne takanas saboda masu jet. Na farko ya fito 2018, mutane suka yi ƙorafin wayarsa ta yi kauri tana jan kai, sai aka fito da Series 2 a 2019 da waya siririya. In za ka sayi na hannu ka tabbatar na biyun ne. Giram 128 ne kacal a kai, baka ne siriri da makirfo, sai 'yan kunne biyu da ake cusawa kamar na waya, da bakin roba girma 3 ka zaɓi wanda ya dace da raminka. Shi ma mataki 3 ne, shi ma ana ƙwanƙwasa shi, batir iri ɗaya, kuɗinsa ya ɗan haura dala 1,000. Ba gumi, ba rigima da tabarau, bai taɓa maka gashi ko hula ba, in ka sauka ba shatin kofi a kumatu. A Airbus da Embraer da sauran jirage masu ɗan shiru ni a ganina babu kamarsa. A 737 kuwa ra'ayi ya rabu, akwai kyaftin-kyaftin da suka ce ya ishe su, akwai waɗanda suka ce idan gudu ya yi gudu shuuu ɗin na shigowa fiye da yadda suke so.

Babbar tambayar ProFlight ba ta jirgi bace ma, ta kunnenka ce. Akwai mutanen da Allah ya yi su ramin kunnensu ba ya son baƙo, awa 1 ya fara ƙaiƙayi, awa 3 ya koma ciwo, kuma ba wani girman roba da zai gyara. Gwajin ba ya buƙatar dala ko ɗaya, ka sa 'yan kunnen wayarka masu shiga rami ka zauna da su awa 4 a gida ba cirewa. In ka tashi lafiya, toh. In tun a awa 2 ka fara sosa, ka manta da shi, da shi da Clarity Aloft duka. Clarity Aloft ɗin shi ba batir gaba ɗaya, soso ne ake murzawa a cusa ya kumbura a ciki ya toshe, nauyinsa bai kai giram 60 ba, kuma samfurin Pro Plus yana da TSO. Masu son sa ba sa jin kira, sai dai soson ƙarewa yake, dole ka riƙa sayen sabo, kuma ba abin da za ka samu a Kantin Kwari bane. Ga kuma ɗaukar lokaci wajen sawa da cirewa, in kana tashi 4 ko 5 a rana tsakanin Kano da Abuja da Legas abin zai ishe ka.

Akwai wani abu da ba a faɗa wa yara a makaranta, maganar kunne ɗaya. A wasu jirage, musamman tsofaffin 737, intakom ɗin, wato layin da matuƙan biyu ke magana da juna ta cikin hedset, ba ya zama a buɗe sai ka danna, so al'adar da ta zauna ita ce kowa ya zame kofi ɗaya, na ɓangaren abokin tuƙinsa, a riƙa magana baki da baki. Kai kana kujerar dama, kunnenka na hagu ne a buɗe. Ka ga in haka ake yi a kamfaninku, ka sayi A30 na sama da dala 1,200 ka ɗage rabinsa sama, rabin kuɗinka na aiki rabi na hutu, kuma babban kofi in aka zame shi danne bayan kunne yake. A nan ProFlight ya ci, cire ɗan kunne ɗaya kawai za ka yi ya rataya. Kuma kar ka ce ai sai ka roƙi kyaftin a koma intakom, kai sabon shiga ne, akwai dattawan da shekara 25 suna tuƙi da kunne ɗaya a waje, ba kai za ka canja su ranar farko ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa na ce wa ƙanin nawa ya fara shiga ya ga yadda gidan yake.

Tsakanin waɗannan biyun akwai David Clark DC PRO-X2. Kamfanin tsoho ne, yana Worcester ta jihar Massachusetts, su ne masu koren hedset ɗin nan H10-13.4 da kusan kowa ya fara da shi yana ɗalibi, mai matse kai kamar an ɗaura maka rawani da igiya amma ba ya mutuwa. PRO-X2 ba ya rufe kunne kuma ba ya shiga rami, zama yake a kan kunnen, giram 200 da 'yan kai, yana da ANR, yana da TSO, batir AA 2 na kai shi wajen awa 50, kuma kuɗinsa bai kai na Bose ba. Zame shi gefe ɗaya ba wahala, gumi kaɗan ne. Shirunsa bai kai na A30 ba, ba a ma yi shi don ya kai ba. Wanda kunnensa ya ƙi ProFlight kuma zafi ya hana shi A30, nan zai sauka, kuma ba faɗuwa ya yi ba.

Sai Telex, wanda mai yiwuwa shi za ka tarar a rataye a jirgin. Airman 750 ba ya kashe ƙara ko kaɗan, na jin magana ne kawai. Airman 850 da ƙaninsa 8+ suna da ANR ɗan daidai, kuma abin burgewarsu ba sa cin batir, daga wutar layin makirfon jirgin suke sha. Ba nauyi, ba akwatin batir da zai riƙa lilo a gefenka, kuɗinsu wajen rabin na Bose. A Airbus mutane da yawa sun yi ritaya da shi ba su taɓa neman wani ba. A 737 dai sai a hankali, taimako ne ba magani ba. In kuɗin horo ya cinye ka, kana da bashi a wuya kamar yawancinmu a farko, ka ɗauki wannan ba kunya, ko don ka daina sa na jirgi wanda bakin mutum 30 ya huci soson makirfonsa. Za ka kuma ci karo da Sennheiser na hannu da araha, irin HMEC 26, kaya ne masu kyau amma kamfanin ya bar harkar hedset ɗin matuƙa tun 2016, so kayan gyara sai an sha nema.

Na san wani zai ce duk wannan kuɗin a kan abin jin magana? Ai ba abin jin magana kake saya ba, lasisinka kake karewa. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya rabu biyu. Gwajin lafiya mai daraja ta 1, wanda ake yi wa matuƙan jirgin fasinja, yana auna jinka, a tsarin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, duk shekara 5 har ka kai 40, daga nan duk shekara 2, kuma iyakar ita ce kar rashin jin ya wuce desibel 35 a sauti mai Hz 500 da 1000 da 2000, ko desibel 50 a mai Hz 3000, Hz ɗin ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, kowane kunne daban. Ji in ya tafi ba ya dawowa, kuma tafiyarsa ba sallama, sai dai ka lura kana ce wa madam "me kika ce?" sau uku a zama ɗaya. Wani amfanin da ba a cika lura da shi ba, in ƙara ta ragu sai ka rage sautin rediyo, don da yawa rediyon da muke ƙure wa murya don ya rinjayi iska shi ke cin kunnen. Wanda ya taɓa ratsa Sahara da dare zuwa Jidda ko Turai yana fama da rediyon HF mai cin dogon zango, shaaa ɗin nan da muryar kwanturola can ƙasa kamar daga rijiya, ga tashar 126.9 a ɗaya rediyon kowane matuƙi na faɗin inda yake, shi zai gaya maka darajar hedset mai fitar da magana tas.

Kuma ba wai kana da zaɓin ƙin sawa bane. A dokar Turai dole hedset na kanka tun daga karɓar izinin tashi, da duk lokacin da injin ke aiki a ƙasa, har ka haura ƙafa 10,000 ko tsayin da ake sauya saitin ma'aunin tsawo, duk wanda ya fi. Amurka kuma ƙasa da ƙafa 18,000 dole da makirfon hedset za ka yi magana, saboda na'urar naɗar murya ta ɗauka da kyau. Mai gajerun tafiye-tafiye kusan rabin ranarsa a wannan yankin yake, mai dogon zango kuma yana iya rataye shi a sama ya koma lasifika, so su biyun ba buƙatarsu ɗaya ba.

Bluetooth? Ni da zan sake saya zan ɗauki mai shi, saboda kiran ofishin tsara tafiya ko injiniya kana ƙasa ba sai ka cire komai ba, da faɗakarwar iPad. Amma yana rage kwanan batir sosai kuma wasu kamfanonin sun hana kunna shi a sama, bambancin kuɗin ba yawa, ka yi yadda ka ga dama.

Batir kuwa bari in ja kunne. Na taɓa tsayawa wani shago a hanyar filin jirgi na sayi AA masu kwalin babban suna, kafin mu kai rabin hanya fitila ta koma ja, ashe jabu ne. Hedset mai TSO in batir ya mutu ba ya yin shiru, za ka ci gaba da jin rediyo, kashe ƙarar ce kawai ke tafiya, amma ka ji yadda ƙara ke faɗo maka lokaci ɗaya kana shirin sauka, ba daɗi. Ka sayi batir a wurin da ka yarda da shi, guda 4 su zauna a jaka kullum, kuma in za ka tafi hutu ka cire na ciki kar zafi ya sa su yi yoyo. In jirginku XLR ne kuma an ja wuta zuwa ramin, Bose ɗin na iya sha daga jirgi, amma ba kowane jirgi aka ja wa ba. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina, ka riƙa maida shi jakarsa, ka sayo soson kunne da na makirfo na canji tun a tafiya ɗaya da hedset ɗin, don fatar kofin a zafinmu ba ta daɗewa take fara ɓarewa tana bar maka baƙin gari a kwala. Garantin Bose da David Clark shekara 5 ne, amma aika kaya waje a gyara a dawo da shi wani aiki ne, so ka adana rasit, kuma ka saya wurin dila na gaskiya, A20 na jabu sun yi yawo a kasuwar intanet.

Abin da na rubuta wa ƙanin nawa daga ƙarshe gajere ne. Tunda 737 ne, in ka tarar ana amfani da intakom kunne biyu a rufe, ɗauki A30 ka sayi rigar kofi saboda gumi. In ka tarar gidan 'yan kunne ɗaya ne kuma ka ci gwajin awa 4 ɗin nan, ProFlight Series 2. In ka faɗi gwajin, PRO-X2. Da Airbus aka kai ka da na ce ProFlight ko ma Telex 8+ ka riƙe canjinka. Ya yi sati 2 ɗin, ya dawo ya ce min duk kyaftin ɗin da ya tashi da su kunne ɗaya suke buɗewa in ban da mutum ɗaya, kuma ya gwada 'yan kunnen wayarsa tun daga bayan azahar har magariba bai ji komai ba sai da ya cire don alwala. Mai zuwa daga Amurkan ya riga ya taso, so yanzu jiran wani yake, ya ce a haɗo masa da adaftar XLR da bakin roba na canji.